Tambaya da Amsa: Teburin alamomina ya ƙi dawowa daga fayil

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta ƙaramar kwamfaila (compiler, mai fassara shiri zuwa harshen inji) da harshen C. Teburin alamomina yana riƙe da sunan duk abin da aka ayyana a cikin shiri, da nau'insa, da layin da ya fito. Na zuba teburin cikin fayil da fwrite, na karanto shi da fread. In na karanta nan take kafin shirin ya rufe, komai lafiya lau. Amma da zarar na rufe na sake kunnawa, sai sunayen su fito shirme, wani lokacin ma shirin ya faɗi gaba ɗaya. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ko ban ga abin da ka rubuta ba, na tabbata a cikin struct ɗinka akwai layi irin char *suna. To, nan gizo ke saƙa. Abin da fwrite ya kai fayil ba sunan ba ne, adireshin inda sunan yake zaune a memori ne, bait 8 a kwamfuta mai bit 64. Muddin shirin yana raye, adireshin yana nan daram, shi ya sa gwajinka na farko ya ruɗe ka. Da ka rufe, memorin ya koma hannun tsarin kwamfuta. Kamar ka rubuta lambar ɗakin baƙo ne a masauki, ka dawo bayan mako ka ƙwanƙwasa, ka tarar da wani daban. Ga shi kuma Linux da Windows da gangan suke sauya adiresoshi duk sanda aka kunna shiri, saboda tsaro.

Maganin shi ne kada adireshi ko ɗaya ya shiga fayil. Duk inda kake da manuni (pointer, wato gurbi mai riƙe adireshi irin char *suna), mayar da shi lamba: ko dai lambar jeri, ko nisan bait daga farkon wani sashe.

Ba sai ka ƙirƙiro dabarar ba, leƙa ELF, tsarin fayilolin shirye-shirye na Linux. Yana raba aikin gida biyu. Sashen .strtab sunaye ne zalla, an jera su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ƙare da bait sifili, kuma bait na farkon sashen ma sifili ne. Sashen .symtab kuwa layuka ne masu tsawo ɗaya, bait 24 kowanne a bit 64, bait 16 a bit 32. Gurbin suna a kowane layi bait 4 ne kacal, kuma abin da ke ciki shi ne nisan sunan daga farkon .strtab. A ce sunayenka biyu ne, main da jimla. Sifili yana wuri na 0, main ya fara daga 1, sifilinsa ya faɗa a 5, jimla ta fara daga 6. Layin main zai riƙe 1, na jimla ya riƙe 6. Shi ke nan. Tun da layukan tsawonsu ɗaya, in kana son alama ta 50 sai ka ninka 50 da 24 ka dira kanta kai tsaye. Buga readelf -s a kan kowane fayil ɗin .o ka gani da idonka.

Haka za ka yi wa sauran manunanka. Nau'in alama ya zama lambar jeri a teburin nau'o'i. Da'irar da alamar take ciki (scope, wato yankin shirin da sunan yake aiki a cikinsa) ta zama lambar da'irar, kowace da'ira kuma ta riƙe lambar uwarta. Wajen karantawa ka yi zagaye biyu: ka fara loda duka layukan, sannan ka bi su kana mayar da lambobi manunai, domin alama ta 3 tana iya nuni ga ta 40 da ba a kai ga lodawa ba. Teburin hash kuwa, wanda ake neman suna da shi cikin sauri, ni dai ba na ba ɗalibi shawarar adana shi. Sake gina shi lokacin lodi, aikin ƙiftawar ido ne.

Ko bayan ka gyara wannan, ka daina miƙa wa fwrite struct sukutum. Kwamfaila tana cusa gurabe tsakanin filaye: char ɗaya da int ɗaya yawanci bait 8 suke ci, ba 5 ba. Sannan injina sun saba wajen jera bait. A kan x86, lambar 0x12345678 tana kwanciya a matsayin 78 56 34 12, alhali fayilolin class na Java babban bait suke sa wa a gaba. Zaɓi jeri ɗaya, ka rubuta ƙaramin aiki mai fitar da lamba bait bayan bait, ka bi filayen ɗaya-ɗaya da shi. A Windows kuma ka buɗe da "wb" da "rb", in ba haka ba duk bait 0A zai samu 0D a gabansa, lissafin nisanka ya wargaje.

A farkon fayil ka sa tambari, sai lambar siga, sai yawan alamomi da girman sashen sunaye. ELF yana farawa da 7F sannan haruffan E, L, F. Na Java da CAFEBABE. Lambar sigar ce ɗalibai suka fi rainawa, har ranar da suka ƙara fili ɗaya a teburin, tsofaffin fayiloli suka riƙa karantuwa a karkace ba tare da ko gargaɗi ba. Mai karantawa kuma kada ya yarda da fayil ido rufe. Ya duba abin da fread ya dawo da shi, kuma in nisan suna ya wuce girman sashen sunaye, ya ƙi fayil ɗin nan take.

Kafin ka taɓa komai, buɗe fayil ɗinka na yanzu da xxd, shirin da ke nuna bait ɗin da ke cikin fayil. Nemi kalmar main a ɓangaren dama, inda haruffa suke fitowa. Ba za ka same ta ba. Bayan gyara ka sake dubawa, ka ƙirga nisanta daga farkon sashen sunaye da hannu, ka gwada da lambar da ke layinta.