Amsa: Sitatar Roadmaster tana ƙaras-ƙaras amma ba ta tashi

Malam, ka ce tsohuwar Honda Roadmaster ɗinka idan ka danna maɓalli sai ka ji ƙaras kawai, dole ka koma buga kik. Wannan ƙarar ta rilai ce, wato makunnin da ke tura wutar batir zuwa sitata, tana nuna maɓallin lafiya lau yake, wuta ce ba ta isa sitata.

Fara da batir kafin ka kwance komai. Idan na volt 12 ne, cikakke zai nuna kusan 12.6 a mitar gwada wuta, kuma lokacin da ka danna kada ya faɗi ƙasa da 10. Fitila ta kama ba hujja ba ce, sitata ta fi ta jan wuta nesa ba kusa ba. Kankare kan batir da wayar da ke ɗaure a jikin firam, nan tsatsa ke ɓuya, ka shafa ɗan giris.

In duk wannan lafiya, sa mashin a firi, ka haɗa manyan kusoshin rilai biyu da sifana. Zai yi tartsatsi, don haka nesa da fetur. Sitata ta juya? Rilai ya ci wuta a ciki, canza shi. Ba ta juya ba, to mai yiwuwa kabon ɗin sitata, wato ƙananan gawayin da ke kai wuta cikinta, ya cinye. Ni a tawa haka na tarar, ƙurar kabon ta cika ciki dam. Na goge tagullar da kabon yake gogawa a kai da sanfefa mai laushi, na sa sabon kabon, shi ke nan.

Kuma don Allah kada ka riƙe maɓalli fiye da daƙiƙa 5, ka bari ta huce tukuna.