Ashe ba a San Francisco aka haƙa zinaren ba?

Tambaya: Malam, na karanta cewa zinare ne ya gina birnin San Francisco na Amurka, amma abokina ya dage cewa ba a taɓa haƙar zinare a garin ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Kowannenku yana da tasa gaskiyar. Ranar 24 ga Janairun 1848 wani kafinta, James Marshall, ya tsinci zinare a bakin kogi a Coloma da ke yankin California, inda yake gina wa John Sutter injin tsaga katako. Wurin yana gindin duwatsun Sierra Nevada, kimanin kilomita 200 daga San Francisco, wanda a lokacin mutanensa ba su wuce dubu ɗaya ba. Shekara guda kafin nan ma Yerba Buena ake kiransa.

Abin da garin yake da shi shi ne tashar jirgin ruwa mai kyau. Duk wanda ya taso ta teku, daga New York ne ko Chile ko ƙasar Sin, nan zai fara sauka, ya sayi shebur da tasa da guzuri kafin ya bi kogin Sacramento zuwa duwatsu. Garin ya zama zango, kuma mai masauki ya fi baƙon samu. Wani ɗan kasuwa, Sam Brannan, shi ne ya fara gane haka. Sai da ya cika shagonsa da kayan haƙa, sannan a watan Mayun 1848 ya bi titunan garin da kwalbar zinare a hannu yana shela. Da farko garin watsewa ya yi, har jaridu suka daina fitowa don ma'aikata sun tafi haƙa. Amma zuwa ƙarshen 1849 mutane sun kai wajen 25,000.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne jiragen. Jirgi zai sha watanni yana zagaya ƙarshen Kudancin Amurka, da ya iso sai ma'aikatansa su gudu neman zinare, su bar shi. Haka ɗaruruwan jirage suka cika tashar ba matuƙa. Da yake katako ya yi tsada, sai aka mayar da su gine-gine: Niantic ya zama rumbun ajiya, daga baya aka gina otal a kansa, Euphemia kuwa gidan yari aka yi da shi. A hankali aka cike bakin ruwan da yashi, har titin Montgomery, wanda a da ruwa ke taɓawa, ya koma tsakiyar gari. Har yau in ana tonon harsashin gini a unguwar bankuna akan ci karo da gangar jirgi.

Gari ne na tanti da katako, don haka daga Disambar 1849 zuwa Yunin 1851 sau shida babbar gobara ta cinye shi, ana sake ginawa.

Kada dai labarin arziki ya rufe mana ido. A 1850 aka ɗora wa mahaƙa 'yan ƙasashen waje harajin dala 20 a wata, wanda ya kori 'yan Meziko da Chile da yawa. Ƙabilun asali na California kuwa su suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu: an ƙwace ƙasarsu, an kashe da yawa, cuta da yunwa suka ƙarasa wasu. Masana na ƙiyasin sun ragu daga kusan 150,000 kafin zinaren zuwa wajen 30,000 a 1870.