Sabuwar laftof ba ta ganin Wi-Fi

Malam, ka ce sabuwar laftof ɗinka ko alamar Wi-Fi ba ta nunawa, alhali wayarka tana kama na gidan lafiya lau. Galibi matsalar direba ce, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane katin Wi-Fi da ke cikin laftof ɗin, ba kwamfutar ce ta lalace ba, ka kwantar da hankalinka. Ka jona wayarka da ita ta igiyar caji ka kunna USB tethering, wato raba intanet ɗin waya ta igiya, a saitin wayar, nan take laftof ɗin za ta samu intanet. Daga nan ka buɗe Device Manager a laftof ɗin, wato inda Windows ke jera kayan da ke cikinta, in ka ga Network Controller da 'yar alama ruwan ɗorawa a jikinsa to shi ne, sai ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar samfurin da ke rubuce a ƙasanta ka sauke direban Wi-Fi ɗin ka ɗora, ka kashe ta ka kunna.

Na sha ganin haka, masu shago da yawa suna goge Windows ɗin da ta zo da shi su ɗora nasu daga filash, shi kuma ba kullum yake zuwa da direban katin ba. Amma fa in ka ɗora kuma katin bai fito a Device Manager ba ko kaɗan, don Allah kar ka bari mai gyara ya kwance ta, ka mayar inda ka saya da rasit ɗinka tun garanti bai ƙare ba.