Nawa kujera ɗaya ta tsaya maka?

Wani mai sayar da katifa a kasuwar Sabon Garin Zariya ya rubuto min. Ya ga kujerar nan da ake buɗewa da dare ta zama gado, wadda ake kira futon, sunan da aka aro daga shimfiɗar da Japanawa ke naɗewa da safe. Ya ba ƙanen matarsa, kafinta, naira miliyan ɗaya ya haɗa masa guda goma. Yau wata huɗu, shida suka iso, kuɗi kuma wai sun ƙare. Yanzu yana son cin bashi ya ƙara jari, don an ce masa ɗaliban jami'ar da ke unguwar Samaru za su yi rububinta.

Alhaji, ajiye maganar bashi tukuna. Na karanta saƙonka sau biyu, ban ga inda ka faɗi kuɗin katako, na soso, na yadi, na ƙarfen da kujerar ke naɗewa a kansa, ko ladan aiki ba. Ba ka faɗa ba don ba ka sani ba. Ka miƙa miliyan ɗaya babu ko takarda, saboda nauyin surukuta. Ka yi lissafinka a kan dubu 100 kowace ɗaya, ga shi yanzu kowace ta tsaya maka kusan dubu 167. Nawa za ka sayar? Kuma wa zai saya?

Ba na cewa yaron ya ci kuɗinka. Mai yiwuwa kaya sun tashi da gaske, mai yiwuwa kuma ya toshe wani ramin da su. Abin da ya dame ni shi ne ba ka da hanyar tantancewa, in ka matsa kuma maganar ta koma cikin gidanka.

Na san wani ɗan kasuwa a Tudun Wada da ya ba ɗan baffansa mai walda kuɗin gadaje masu hawa biyu a farkon 2022, shi ma don ɗalibai. Malaman jami'a suka shiga yajin aiki tun Fabrairu har Oktoba, Samaru ta yi tsit. Rabin gadajen na jingine a bayan shago suna tsatsa, rabin ba a ma yanka ƙarfensu ba. Da aka zauna a gaban manya, aka ce ya kawo shaida, ba shi da ita. Aka ce ya yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Har yau ba sa gaisawa.

Batun rububin nan ma ban yarda da shi ba. Ɗalibi katifa yake jefawa a ƙasa, da safe ya jingine ta da bango. Iyayen amarya kuwa gadon da zai cika ido suke nema. Mai sayenka shi ne ma'aikacin da ke haya a ɗaki ɗaya, ko mai ciki da falo da baƙi ke yawan kwana wurinsa. Suna nan, amma ɗaya-ɗaya suke zuwa.

Gobe ka ɗauki littafi, ka tafi shagon yaron da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa. Ku rubuta abin da aka saya, da abin da ya rage, da ranar kawo sauran huɗun, kowa ya sa hannu. Shidan da ke hannunka, ka buɗe ɗaya a bakin shago mutane su zauna, su kwanta, su naɗe ta da hannunsu, ka ga ko ƙarfen zai jure. Bayan goman nan, kada a sake yanka katako sai mai saye ya ajiye kafin alƙalami.