Ruwa na zuba a ƙarƙashin dashbod ɗin Hilux: a canza ko a kewaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗauko dankalin turawa daga Bokkos da Toyota Hilux ɗina. Kwanan nan kafet ɗin gefen fasinja kullum a jiƙe yake, gilashin gaba yana yin wani hazo mai maiƙo daga ciki, ruwan lagireto kuma sai raguwa yake yi. Bakanike ya ce ƙaramin lagireton hita ne ya huje. Ya ce ko ya haɗe tiyo biyun a kewaye shi, ko a sauke dashbod a sa wani. Wanne ya fi? Daga wani direba a Filato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Alamomin sun yi daidai da maganar bakanikenka, amma ka fara taɓa ruwan ka sansana. Ruwan da esi ke zubarwa idan magudanarsa ta toshe garau yake, ba shi da wari. Na lagireto kuwa yana da santsi a yatsa, da launi, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

Abin da bakanikenka ya ce ya huje ƙaramin lagireto ne da aka ɓoye a bayan dashbod. Tiyo biyu ne ke ratsa bangon da ya raba inji da ɗakin direba, ɗaya ya kai masa ruwan zafi, ɗaya ya mayar, fanka kuma ta hura iska ta cikinsa. Idan an haɗe tiyo biyun, ruwa zai ci gaba da zagaya inji lafiya lau, yoyon ciki ya tsaya. Don haka a yi wannan yau ma, kada ka ƙara tafiya da shi a huje. Ruwan zai iya ƙarewa inji ya ɗau zafi a kan hanya, tururin da kake shaƙa kuma ba alheri ba ne ga jiki, domin sinadarin cikinsa guba ne.

Da a Sakkwato ko Maiduguri kake aiki, da na ce ka bar shi haka. Amma mai fita da asuba a kan tsaunin Filato cikin Disamba da Janairu yana buƙatar hita, kuma ba don ɗumin jiki kaɗai ba. Iska mai ɗumi ce ke saurin share raɓar da ke rufe gilashi daga ciki. Ka tara kuɗi a canza kafin hunturu.

Kafin a sa sabo, a binciki abin da ya huda tsohon. Mafi yawa tsatsa ce, saboda zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla. Wani lokaci kuma gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ne ya ƙone yana tura hayaƙi cikin ruwa, matsin ya yi yawa. Idan ka buɗe murfin lagireto inji na sanyi, aka tayar, ka ga kumfa tana ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, to a fara da can, in ba haka ba sabon ma fashewa zai yi.

Tambaya: Na je Ƙofar Ruwa a Kano, na samu lagireton hita na Beljiyam, wato na hannu, da araha sosai a kan sabo. In saya?

Amsa: Alhaji, a fitila ko madubi ba zan hana ka na hannu ba, amma ban da wannan. Tsadar aikin tana wajen sauke dashbod ne: sitiyari, wayoyi, akwatin iska, a motoci da yawa har sai an zuƙe gas ɗin esi a sake cikawa. Aikin yini ne cur. Na hannu ya riga ya ci shekarunsa a wata motar, ba ka ganin cikinsa, in ya huje bayan wata uku kuɗin aiki sabo za ka biya. Ka tafi da lambar shasi domin a ba ka wanda ya dace da ƙirar motarka, tunda Hilux iri-iri ce. In dole ta sa sai na hannun, a toshe baki ɗaya, a hura masa iska a cikin bokitin ruwa a gabanka, ka ga ko zai yi kumfa. Ka sa a canza zoben roba da maɗaurin tiyo a lokaci guda, a wanke hanyar ruwa duka, a zuba ruwan lagireto na gaskiya, sannan a bar inji ya yi ɗumi da hita a kunne har iskar da ta maƙale ta fita.

Tambaya: Maganin toshe yoyo na kwalba fa?

Amsa: Yana iya kai ka gida idan dare ya yi maka a daji. Sai dai hanyoyin ruwa na cikin wannan lagireto sirara ne ƙwarai, maganin yakan toshe su tare da hujin, wani lokaci har ya taɓa babban lagireto. Guntun bututun ƙarfe da maɗauri biyu a ajiye cikin mota sun fi shi amfani: ka jira inji ya huce sarai, ka haɗe tiyo biyun, ka cika ruwa, ka kama hanya.