Amsa ga mai tambaya kan buga labarin tafiya shi da abokinsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kai da abokinka kun je Damagaram da Agadas tare, kowa ya dawo da rubutunsa, kana tambaya ku buga littafi ne ko ku saki a intanet, kuma yaya za ku yi kada abin ya ɓata tsakaninku. Tambayar ta biyu ta fi nauyi, amma bari mu fara da ta farkon.

Bugun takarda yana da nasa lissafin. Maɗaba'a tana naɗe babbar takarda ne ta fitar da shafi 8 ko 16, don haka ku daidaita littafin ya tsaya a 64, 80 ko 96, in ba haka ba za ku biya kuɗin fararen shafuka. Shafin baƙi da fari faranti ɗaya yake ci (wato fallen ƙarfen da ake ɗora rubutu a kai don bugu), mai launi kuwa huɗu, shi ya sa ake tara hotuna a shafi 8 na tsakiya. Kuɗin faranti ɗaya ne ko kwafi 200 za a buga ko 1,000, saboda haka ƙaramin bugu ya fi tsada a kan kowane kwafi. Dillalin littafi kuma galibi sai ya sayar yake biya, labarin tafiya kuwa ba ya gudu kamar na soyayya. Shawarata ku fara da intanet, in masu karatu sun nema sai ku buga.

A intanet, ku raba labarin kashi-kashi, kowane kashi kalma 800 zuwa 1,000 da hoto uku ko huɗu. Hoton waya yakan kai megabait 4, ku rage faɗinsa zuwa fiksel 1,200 don kada ya cinye wa mai karatu data. Kada ku saki littafin duka a PDF ga wanda ya biya, domin tura shi ɗaya zai yi a WhatsApp ciniki ya ƙare. Ku kuma ajiye asalin rubutu da hotuna a wuri biyu, don OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai a intanet da marubutanmu da dama suka dogara da ita, ta rufe a 2023.

To, batun zumunci. A zamanin takarda aikin da kansa yake haɗa marubuta. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama a Kano suna duba wa juna rubutu, suna tallata littattafan juna a cikin nasu, kuma kafin littafi ya fito an yi watanni ana shawara. Yanzu mutum yana iya sakin labari tun yana cikin mota, ba wanda ya duba masa, abokin tafiyarsa sai dai ya gani a Facebook. Daga nan yawancin saɓani ke tasowa: wanda ya riga saki shi ake ɗauka mai labarin, na biyun a ce kwaikwayo ya yi, alhali tare suka sha ƙurar hanya.

Don haka kafin kowa ya saki ko layi ɗaya, ku zauna ku raba fage. Ɗaya ya ɗauki hanya, wato tasha, kuɗin mota da sefa tare da watan da aka biya, tsayawa a Tanut, abinci da masauki. Ɗayan ya ɗauki gari: fadar Sarkin Damagaram da unguwar Birni, hasumiyar ƙasa ta masallacin Agadas mai tsawon mita 27, da tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ku tsayar da ranar da kowa zai saki, kowa ya nuna wa masu karatunsa na ɗan'uwansa.

Hoto na wanda ya ɗauka ne, ko da wayar ta abokinsa ce, a rubuta sunansa a ƙasa. Idan akwai kuɗi, na talla ko na rukunin da ake biya, ku rubuta kason kowa a gaban shaida tun ba a samu ko sisi ba. Abin da aboki ya faɗa cikin gajiya ko rashin lafiya a hanya, ba a sa shi sai da yardarsa. Haka mutanen da suka sauke ku: a nemi izini kafin a sa suna ko fuska, musamman ta matan gida, domin littafi yana tsayawa a kanta, rubutun intanet kuwa yana isa garinsu a ranar.

Kowa ya ba ɗan'uwansa rubutunsa kwana uku kafin saki, ya duba sunayen garuruwa, nisa da farashi. Gyara a yi shi ta waya ko a zaune, ba a ƙarƙashin rubutu inda jama'a ke gani ba.