Turkar bijimai ko garken haihuwa: wanne ya fi riba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina noman dawa da riɗi a bayan garin Gadarif na ƙasar Sudan, kuma bana na tara kuɗin da za su sayi shanu kamar goma. Wasu na cewa in sayi bijimai in turke su in sayar, wasu na cewa in sayi mata su riƙa haihuwa. Ina da zariba (shingen dabbobi) da kara mai yawa, amma ba ni da makiyaya, ruwa ma saye nake yi da rani. Wanne ya fi riba? Daga wani manomi, Gadarif.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yadda ka kwatanta wurinka, turka ce ta dace da kai, amma kada ka zuba kuɗin duka a kan dabbobi. Sayi shida ko bakwai, sauran kuɗin na abinci ne da magani. Yawancin masu faɗuwa a wannan sana'a suna cika zariba ne da bijimai, sai ambaz, wato tunkuzar da ke saura bayan an matse mai, ya ƙare a wata na biyu, dole su sayar da dabba ba ta nuna ba.

Ga lissafin. Bijimin Baggara, irin na Kurdufan da Darfur, mai shekara biyu zuwa uku da nauyin kilo 250, yana iya ƙara kusan kilo ɗaya kullum in abinci ya wadata. Cikin kwana 90 zai kai wajen kilo 340, bayan ya ci busasshen abinci kilo 8 zuwa 9 a rana, wato kusan kilo 750 gaba ɗaya. A ce, don misali kawai, kilo ya kama jinai (kuɗin Sudan) 100 ranar saye. Ka biya 25,000 ke nan. In ka sayar a kan farashin nan za ka karɓi 34,000, bambancin 9,000, daga ciki za ka fitar da abinci, ruwa, magani, mota da la'adar dillali. To in kasuwa ta sauka zuwa 90 fa? 30,600 za ka karɓa, bambancin ya koma 5,600, abincin kaɗai na iya cinye shi. Faɗuwar farashi ba ƙarin kilo 90 ɗin kawai take taɓawa ba, har da 250 ɗin da ka saya. Shi ya sa 'yan turka ke cewa ranar saye ake cin riba.

Saboda haka sayi ramamme mai lafiya, mai dogon jiki da faɗin ƙugu, ido garau, hanci da danshi. Buɗe bakinsa: mai manyan haƙora biyu zuwa huɗu a ƙasa shi ne daidai, tsoho kitse kawai zai tara. Lokacin kaka ya fi, sa'ad da dawa da kara ke araha, ka sayar can cikin bazara da nama mai kyau ya yi wuya. Kada ka ɗora rai sosai a kan Layya, ka san mutanen Sudan rago suke yankawa.

Mako biyun farko su ne masu haɗari. Dabbar da ta saba da ciyawar daji, in ka cika mata kwami da dawar fatarita rana ɗaya, tumbinta zai yi tsami, ta kumbura, ta yi zawo, wani lokaci ta kwana a mace. Fara da kara da harawa, ka sa kilo ɗaya na haɗin dawa niƙaƙƙiya, dusar alkama da ambaz na gyaɗa ko riɗi, kana ƙara rabin kilo duk bayan kwana biyu. Ko da ya kai cikakken ci, kada kara ya gaza kashi ɗaya cikin huɗu. Gishiri da garin farar ƙasa kaɗan, ruwa lita 40 zuwa 50 a ranar zafi, da inuwa. Maganin tsutsa da na kaska a makon farko, sannan likitan dabbobi ya yi rigakafin boru, ciwon huhu da harbin daji. Dandaƙa kuwa ba sai ka yi ba: bijimi ya fi dandaƙaƙƙe saurin girma, faɗa ne aibinsa, don haka kada ka haɗa baƙo da waɗanda suka riga suka saba.

Garken haihuwa kuma dukiya ce ta mai haƙuri da fili. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, amma a kiwonmu na gargajiya da wuya ta haihu kowace shekara, karsana kuma takan kai shekara uku da rabi ko huɗu kafin haihuwar fari. Mata goma za su iya ba ka maruƙa shida a shekara, ƙila ɗaya ya mutu, sauran kuma sai ka jira shekara biyu ko uku kafin su yi kuɗi. Duk tsawon nan uwar tana ci tana sha, ta haihu ko ba ta haihu ba. Mai makiyaya kyauta ba ya jin wannan nauyi. Kai da ke sayen ruwa da tanka za ka ji shi tun watan Maris. Madara ce ke cike giɓin, in shanun Butana ne ko Kenana kuma kana kusa da masu saye.

Fifikon garke ɗaya ne da ba a musunsa: tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 jinai ke zubewa, saniya kuwa tana riƙe darajarta. Mai turka na iya ganin kuɗi sun yi yawa a hannu, ya je kasuwa ya tarar ba za su maye masa bijiman da ya sayar ba. Don haka auna ribarka da kawunan shanu, ba da takardar kuɗi ba: in ka sayar da bakwai, bayan cire abinci, ramammu nawa kuɗin za su saya? Kuma ka saye su cikin makon. In zagaye biyu suka yi kyau, sai ka sayi karsana biyu masu ciki da ribar, ka ga ko karanka zai kai su damina.